Gyaran fuska da hasken leza: Yadda yake aiki da haɗarinsa ga baƙar fata

Tallan gyaran fuska da na'urar leza ya yawaita a shafukan Instagram da TikTok da Facebook na asibitoci masu zaman kansu da shagunan gyaran jiki a Abuja da Legas da sauran manyan birane. Hoto biyu ake jerawa. Na farko fuska ce mai tabon ƙuraje ko yamutsewar tsufa, na biyu kuma fuska ce sumul, babu ko ɗigo. Tallan ba ya tsayawa a birni. Mazauna garuruwa irin su Izom, da ke Ƙaramar Hukumar Gurara a masarautar Suleja ta Jihar Neja, suna ganinsa a wayoyinsu, kuma Abuja ba ta yi musu nisan da za su kasa zuwa su dawo a yini ɗaya ba.

Abin da tallan ba ya cika bayyanawa shi ne, aikin ƙuna ce da ake yi wa fuska da gangan, bisa ma'auni, domin jiki ya gina sabuwar fata a gurbin wadda aka ƙone. An ƙirƙiro hanyar ne a ƙasashen Turawa, kuma a kan farar fata aka fi gwada ta. A kan baƙar fata, musamman wadda ta daɗe tana shan man bilicin, tana iya barin tabon da ya fi wanda aka je cirewa muni. Saboda haka, sanin yadda na'urar ke aiki yana da muhimmanci ga duk wanda ke tunanin miƙa mata fuskarsa.

Asalin na'urar

Leza haske ne da aka tattara shi ya zama tsinke guda mai ƙarfin gaske. Masanin kimiyya Theodore Maiman ne ya fara haɗa na'urar leza mai aiki a Amurka a shekarar 1960. Bayan shekara huɗu, a 1964, Kumar Patel, ɗan asalin Indiya da ke aiki a ɗakin bincike na Bell a Amurka, ya ƙirƙiro nau'in da ke amfani da iskar kabon dayoksaid, wadda ake taƙaitawa da CO2. Ita ce iskar da ɗan Adam ke fitarwa idan ya yi numfashi. Ana kulle ta a cikin bututu tare da wasu iskoki, a tura mata lantarki, sai ta fitar da haske.

Tsawon zangon wannan haske nanomita 10,600 ne, alhali idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai. Wato hasken ba ya ganuwa, shi ya sa ake haɗa shi da wani ɗan jan haske da ke nuna wa likita inda ya saita. Masana'antu suna amfani da irin wannan leza wajen yanka ƙarfe da katako da fatar dabbobi, abin da ke nuna irin ƙarfinta.

Sirrin amfaninta a jikin mutum shi ne ruwa. Ruwa yana shanye wannan haske nan take, kuma mafi yawan abin da ke cikin ƙwayoyin fata ruwa ne. Da zarar hasken ya sauka, ruwan yakan tafasa cikin ƙiftawar ido, ƙwayoyin su fashe su zama tururi. Na'urorin farko suna sakin hasken ne ba tsayawa, sai zafin ya bazu ya dafa naman da ke kewaye, ya bar mummunan tabo. A 1983, Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka bayyana cewa idan aka saki hasken a taƙaitaccen lokaci, zafin ba zai samu damar yaɗuwa ba. Daga nan ne a shekarun 1990 aka fito da na'urorin da ke harba hasken a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, aka fara amfani da su wajen sabunta fatar fuska.

Abin da ke faruwa a cikin fata

Fata tana da manyan sassa biyu. Akwai na sama, wanda kaurinsa a fuska bai wuce kimanin na takarda ɗaya ba, kuma a nan ne ƙwayoyin da ke samar da launi suke. A ƙarƙashinsa akwai sashe mai kauri da ke ɗauke da jijiyoyin jini, da tushen gashi, da hanyoyin gumi da na maiƙo, da kuma wasu zaruruwa masu suna kolajin, waɗanda su ne ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Shekaru da zafin rana da hayaƙin taba suna lalata waɗannan zaruruwa, fata ta saki, ta fara yamutsewa.

Dilka da halawa da ake yi wa amare suna goge matacciyar fatar da ke can sama ne kawai. Leza kuwa tana cinye sashen sama gaba ɗaya, ta taɓa na ƙasa. Zafin da ya rage yakan sa tsofaffin zaruruwan kolajin su tsuke, sannan raunin ya tilasta wa jiki ƙera sababbi, aikin da ke ɗaukar wata uku zuwa shida. Sabuwar fatar sama tana tsirowa ne daga tushen gashi da hanyoyin maiƙo da suka tsira a ƙasa. Fuska tana da su da yawa, shi ya sa take warkewa da wuri. Wuya da ƙirji ba su da su sosai, don haka sun fi saurin yin tabo idan aka yi musu irin aikin da aka yi wa fuska.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a share dukkan fatar wurin, ba a bar komai ba. Ita ce ta fi tasiri a kan yamutsewa mai zurfi, kuma ita ce ta fi haɗari. Fuska takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana tsatsafar ruwa kafin ta rufe, jan da ta yi kuma yana iya ɗaukar watanni. Hanya ta biyu ta samo asali ne daga binciken da Dieter Manstein da Rox Anderson da abokan aikinsu suka wallafa a 2004. A nan, na'urar tana huda dubban ƙananan ramuka a jere kamar idon rariya, ta bar lafiyayyar fata a tsakaninsu. Wannan fata da aka bari ita ke saurin rufe ramukan, sai a warke cikin kimanin mako guda. Amma sau da yawa sai an maimaita aikin sau biyu ko uku ko fiye kafin a ga sakamako, kuma kowane zama da kuɗinsa.

Abin da take gyarawa da wanda ba ta gyarawa

Leza ta CO2 tana rage yamutsewar da ke gefen ido da kewayen baki, tana daidaita fatar da rana ta lalata, tana kuma rage zurfin ramukan da ƙurajen fuska suka bari. Likitoci suna amfani da ita wajen cire wasu ƙananan tsiro, ciki har da baƙaƙen ɗigogi masu tudu da ke yawan fitowa a kumatu da wuyan baƙaƙen fata idan shekaru suka fara ja.

Akwai kuma masu neman ta saboda tsagar gado. Sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro zane ko tsaga a jiki, amma manya da yawa suna ɗauke da bille ko kalangu ko wata tsagar da wanzami ya yi musu tun suna jarirai, wasu kuma suna son rabuwa da ita. Askar wanzami ta ratsa har sashen ƙasa na fata, don haka leza tana iya sassauta gefen tsagar ta rage fitowarta, amma ba ta mayar da wurin kamar ba a taɓa tsaga shi ba. Wani lokaci sai likitan tiyata ya yanke tabon ya ɗinke, sannan a bi da leza daga baya.

Leza ba ta mayar da baƙi fari. Launin mutum yana cikin halittarsa, kuma sabuwar fatar da za ta tsiro da launinta na asali za ta zo, idan komai ya tafi daidai. Ba ta ɗaga fatar da ta zazzago a haɓa da muƙamuƙi kamar yadda tiyata ke yi. Duhun da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshin mata, musamman lokacin goyon ciki ko shan maganin tazarar haihuwa, yakan ƙaru ne idan zafi ya taɓa shi. Sannan ba ta tsayar da tsufa. Shekaru za su ci gaba da aikinsu bayan an warke.

Dalilin da ya sa baƙar fata ta fi shiga haɗari

A 1975, likitan fata Thomas Fitzpatrick na Harvard ya fito da ma'aunin da ake rarraba fata da shi gwargwadon yadda take karɓar rana. A yau ma'aunin yana da matakai shida, daga farar fatar da ke ƙonewa da zarar ta shiga rana zuwa baƙa wuluk. Mafi yawan 'yan Najeriya suna mataki na biyar ne ko na shida. Leza mai share fata gaba ɗaya ta fi dacewa da matakai uku na farko.

Sinadarin melanin da ke ba fata duhu garkuwa ce daga rana, shi ya sa yamutsewar tsufa ba ta saurin bayyana a fuskar baƙin mutum kamar yadda take yi wa Bature. Sai dai ƙwayoyin da ke samar da shi suna da saurin fusata. Duk wani rauni ko kumburi, ko na ƙurji ne ko na cizon sauro ko na ƙunar mai, yakan sa su zubo da launi fiye da ƙima, wurin ya yi baƙi bayan ya warke. Duk wanda ya taɓa matse ƙurji a fuska ya ga baƙin tabon da ya biyo baya ya san wannan. Leza rauni ce a faɗin fuska, don haka irin wannan duhu shi ne matsalar da ta fi yawan biyo bayan aikin a baƙar fata. Yakan bayyana ne bayan makonni kaɗan, lokacin da mutum ya ɗauka ya gama warkewa, kuma yana iya ɗaukar watanni kafin ya washe.

Akasin haka ma yana faruwa. Idan zafin ya yi zurfi ya kashe ƙwayoyin launi, wurin yakan yi fari-fari. Wannan yana iya ɓoyewa har wata shida zuwa shekara kafin ya fito, kuma sau da yawa ba ya komawa. Sai kuma tabo mai tudu da ke ci gaba da girma har ya wuce iyakar raunin, wanda likitoci ke kira keloyid, irin wanda ke fito wa wasu bayan hujin kunne ko aski. Ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, kuma wanda ya taɓa yin sa, ko yake da shi a danginsa, wajibi ne ya sanar da likita tun kafin a fara magana.

Sauran matsalolin sun haɗa da shigar ƙwayoyin cuta ta buɗaɗɗen raunin, da tashin ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe lokacin zazzaɓi, waɗanda ke iya bazuwa a dukkan fuskar da aka ƙone. Saboda su ne likitoci ke ba da maganin riga-kafi irin su asaikulobiya kafin aikin. Idan aka matsa wa fatar ƙasan ido, tana iya tsukewa ta janyo fatar idon ƙasa, idon ya kasa rufuwa daidai. A nan karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta zama gaskiya a zahiri.

Fatar da ta sha man bilicin

Batun ya fi tsanani idan aka haɗa shi da shafe-shafen sauya launi. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambato ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata. A farkon 2023, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Ƙa'idojin hukumar sun haramta sanya sinadarin makuri, wato zaiba, da magungunan sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma iyakance yawan sinadarin haidurokwinon. Ƙasashe irin su Kwaddibuwa a 2015 da Ruwanda a 2018 sun ɗauki matakan hana irin waɗannan mayuka.

Kowane ɗaya daga cikin sinadaran yana da illar da ta shafi aikin leza kai tsaye. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana, rauni ya daɗe bai warke ba, ƙwayoyin cuta kuma su samu sauƙin shiga. Ma'aunin zafin da lafiyayyar fata za ta jure yana iya huda irin wannan fata. Haidurokwinon, idan aka daɗe ana shafa shi, yakan haifar da wani duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, cutar da likitoci suka fara bayyanawa dalla-dalla a Afirka ta Kudu a 1975. Masu wannan duhu suna cikin waɗanda tallan leza ya fi jan hankalinsu, alhali yana cikin matsalolin fata mafiya wuyar magani, kuma sakamakon leza a kansa ba shi da tabbas. Makuri kuwa illarsa ta wuce fata, tana kaiwa ga ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Matsalar ita ce yawancin mayukan haɗi da ake sayarwa a kasuwanni da shafukan intanet ba su da rubutun abin da ke cikinsu, mai shafawa ma ba ta san me take shafawa ba. Wasu kuma kunya takan hana su faɗa wa likita gaskiya. Wanda ya ɓoye wa likita tarihin shafe-shafensa, da fuskarsa zai biya. Ya dace a tafi da kwalaben mayukan duka, a nuna, a kuma yarda idan likita ya ce sai an daina an jira fata ta farfaɗo. Shi ma dainawar, musamman ga mai sitiroyid, a hankali ake yin ta bisa shawarar likita, domin yankewa farat ɗaya kan sa fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje.

Jinya a ƙasar rana da ƙura

Rabin nasarar aikin yana ga abin da ya biyo bayansa. Sabuwar fata ba ta jure rana, kuma hasken rana shi ne babban mai tayar da duhun da ake gudu. Ana buƙatar kauce wa rana na tsawon makonni, da shafa man kariya mai lamba 30 ko sama da haka kullum na tsawon watanni. Ga mazaunin Izom ko Lambata ko Suleja da ke wuni a gona, ko a kasuwa, ko a kan babur, wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne. Wanda sana'arsa ba za ta bar shi ya cika shi ba, gara ya haƙura da aikin.

Ƙurar hunturu tana busar da rauni tana kuma ɗauke da datti. Zafin murhu da hayaƙin itace suna ƙara fusata fata. Ruwan da za a wanke fuska da shi a kwanakin farko dole ya zama mai tsabta, kuma har yadda za a yi da fuskar lokacin alwala abu ne da ya kamata a tambayi likita tun kafin ranar aikin. Ba a ɓantare ɓawon da ya taso, ba a shafa kurkur ko lemun tsami ko wani haɗin gida, ba a kuma komawa man bilicin don a gaggauta washewar duhu.

Amare su ne suka fi faɗawa tarkon gaggawa. Aikin da aka yi saura mako uku ko huɗu biki yana iya sa duhun ya bayyana daidai ranar ɗaurin aure. Mai juna biyu, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai ƙuraje masu ruwa a fuska a lokacin, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, duk ana ɗage musu aikin. Haka ma wanda ya sha maganin ƙurajen fuska mai suna aisotiretinoyin a 'yan watannin baya, sai ya sanar da likita.

Wa ya cancanci riƙe na'urar

Leza ta CO2 tana cikin rukuni na huɗu, wato mafi haɗari a jerin na'urorin leza. Tana iya lalata ido, tana iya kunna wuta a auduga ko tufafi, hayaƙin da take tayarwa kuma yana buƙatar na'urar zuƙewa. A yau ana iya sayo irin waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ta intanet, don haka ganin na'ura a shago ba shaidar ƙwarewa ba ce. Aikin na likita ne, musamman likitan fata ko likitan tiyatar gyaran jiki da ya saba da baƙar fata.

A Najeriya, Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, ita ke yi wa likitoci rajista tana ba su lasisin aiki na shekara-shekara, NAFDAC kuma ita ke kula da na'urorin asibiti da kayan kwalliya. Mai neman aikin yana da haƙƙin tambayar sunan wanda zai yi masa da shaidar rajistarsa. Yana da haƙƙin ganin hotunan mutane masu irin launinsa da aka yi wa aikin, waɗanda aka ɗauka bayan wata uku ko shida, domin hoton mako guda ba ya nuna duhun da ke tafe. Ya tambaya ko za a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri a jira makonni, da irin kariyar da za a sa masa a ido, da wanda zai duba shi idan matsala ta taso bayan ya koma gida. Likitan da ya san aikinsa yakan rage ƙarfin hasken da yawan ramukan a baƙar fata, ya raba aikin zuwa zama da yawa, kuma ba ya alƙawarin fuska sumul. Inda aka karya farashi aka ce a zo yau a gama yau, a tuna cewa araha ba ta ado.

Matakin farko ga mai damuwa da fuskarsa shi ne ganin likitan fata domin a gano ainihin abin da ke damunsa. Ana samun waɗannan likitoci a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Sau da yawa maganin ya fi leza sauƙi da arha: magance ƙurajen da ke haifar da tabon, daina man da ke lalata fata, shafa man kariya daga rana, da magungunan shafawa da likita zai rubuta. Ga ramukan ƙuraje akwai huda fata da ƙananan allurai, akwai kuma wasu nau'o'in leza da ba sa cinye fatar sama, waɗanda haɗarin duhunsu bai kai na CO2 ba. Idan bayan duk wannan likita ya ga leza ce ta dace, sai a yi ta da sanin abin da za ta iya, da tsawon jinyar da ke gaba, da kuma shirin kare fuskar daga rana har ta gama warkewa.